Gwiwar Hannun 'Yar Baba

A Zagga babu wanda bai san 'Yar Baba mai gumin shinkafa ba, 'yar firit da ita amma muryarta ta mutum uku ce. Shekara talatin tana jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta turara, ta shanya, ita da mata goma sha bakwai da take shugabanta. Sai kasuwa ta juya musu baya. Albashir, ɗan kasuwar da ke kwasar kayansu, ya faɗa mata gaba da gaba: shinkafarsu na wari, mutane sun koma ta ƙetare da ke shigowa ta iyakar Benin. Lodi ɗaya ya rage zai gwada, in bai yi ba ya haƙura da Zagga.

Ana cikin haka Malam Jamaluddeen ya zo daga jami'a, mai binciken shinkafa ne. Ya nuna musu cewa warin daga jiƙon kwana uku a ruwan sanyi yake. A jiƙa da ruwan zafi wuni guda, amma zafin yana da iyaka: in ya gaza a sha wari, in ya wuce ƙwaya ta dagargaje. Ya bar musu ma'aunin zafi na gilashi, guda ɗaya tal. 'Yar Baba ba ta yarda da abin da fatarta ba ta shaida ba, don haka duk sanda ma'aunin ya kai layin da Malam ya zana, sai ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta riƙe zafin a ranta.

Ranar jiƙon lodin Albashir, Madina maƙwabciyarta ta ɗauki ma'aunin ta juya tukunya da shi, wai ai dogo ne kamar muciya. Nan take ya fashe. Aka zubar da ruwan, mata suka yi tsuru-tsuru, Madina na kuka. 'Yar Baba ma ta tsorata, ba ta ɓoye ba.

"Ke Madina, share hawaye ki hura wuta," in ji ta. "Mata nawa munka yi wa ruwan wankan jego garin ga? Wanga ruwa ya hi shi zahi kaɗan. Na san shi."

Haka ta bi tukwane tara tana tsoma gwiwa, nan a ƙara itace, can a sirka. Shinkafar ta fito tas, ba wari, ba karaya. Albashir ya shinshina, ya tauna, ya ce a ɗora mota.

Da Malam Jamaluddeen ya dawo ya ji labari, bai yi musu ba, ya fito da sabon ma'auni. Sau goma tana cewa "ya yi", sau goma yana dubawa, bai kama ta ko sau ɗaya ba. Ya cire hula ya sosa kai.

"Inna, ƙauyukan da za mu je ba su da ma'auni. Za ki bi mu?"

"In kun maishe ni kahin la'asar," in ji ta.

Yanzu motar jami'a ke kai ta Sharabi da Dole Kaina, har matan ƙabilar Dendi daga ƙetare na zuwa koyo. Malam ya yi bayaninsa da allo, ita kuma ta kama hannun mace ta tsoma a ruwa ta riƙe har sai ta ga idonta ya gane. Fatar gwiwarta ta yi baƙi ta yi kanta. Madina ce ke shafa mata man kaɗe in sun dawo.