Bangon da Kwamiti Ya Gyara

Shekarun farko na jihar Kebbi, kowane bango sai da ya nemi ado, kamar jihar amarya ce. Ina koyarwa a Jega lokacin, aka gina wani zauren taro, aka kafa kwamitin ƙawata shi, aka saka ni ciki don ana zargina da karatu.

Wanda aka ba aikin zanen bangon zauren wani matashi ne ɗan wajen Jandutsi, ya karanto zane a jami'a. Bai zo da gwangwanin fenti ba. Gulbi ya riƙa zuwa yana ɗebo laka da jar ƙasa, ya dafa ɓawon albasa ya samu wani launin ruwan goro mai duhu, ya kirɓa ganye ya samu kore, ya cakuɗa da ƙaro. Abin da ya shafa a bangon ba shi da kai ba shi da ƙafa: ja yana malala cikin baƙi, kore siriri yana bin gefe. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a fadama bayan ruwa ya janye, zai gane wurin. Ni na gane. Kwamiti kuwa ba ya zuwa fadama, takalma ba su bari.

Ranar dubawa shugaban kwamiti, wani dillalin hatsi, ya tsaya ya karkata hula.

"Yaro, yaushe za ka hwara?"

"Ranka shi daɗe, na ƙare."

"Ka ƙare? To wanga mi na na? Gini ya yi zuba?"

Limamin da ke cikinmu ya ce shi dai ba ya da ja, tunda babu mai rai a ciki. Wannan ne kaɗai yabon da zanen ya samu a duniya.

Wakilin Aliero, garin manoman albasa, ya ce bangon da babu albasa cin mutunci ne. Na Maiyama ya ce in albasa ta shiga, damin gero ma ba bawa ba ne. Mutanen Jega suka ce ai kasuwa tasu ce, a saka babbar mota. Na ce zanen fadama ne, a bar shi yadda mai shi ya gan ta. Shugaba ya ce, "Malam, kai dai rubuta abin da munka yanke." Ashe abin da ake nufi da karatuna ke nan.

Matashin ya roƙe su kada a taɓa, ya ce shi ne aikinsa na farko a ƙasar ubansa. Suka yi masa addu'ar samun basira, suka kira mai rubutun jikin motoci daga tasha. Shi kuwa ya dasa albasa mai girman tulu a tsakiyar gulbi, da mota tana hawa kanta, da damin gero a sama inda wata ya kamata ya tsaya, duka da fentin mai, mai ƙyalli.

Da matashin ya gani bai yi gardama ba. Ya ɗauko bokiti da tsumma, ya wanke nasa tas, ruwan laka yana bin dandamali har bakin ƙofa. Albasa da mota da gero suka saura a rataye kan siminti tsirara.

Shugaba ya shigo, ya duba, ya gyaɗa kai.

"Yauwa, yaro! Ashe ka iya aiki. Da tun hwarko ka share dattin ga, da mi zai kawo magana?"