Malam Sha'aban, Mai Kwanto Waƙa daga Gonar Gero

Da zarar gero ya fara ido a ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Bagwai, Malam Sha'aban ba ya buɗe shagonsa na tura waƙa da safe. Kekensa yake hawa, ya rataya jakar faya-fayan sidi da babu komai a cikinsu, ya bi gona-gona. Manoma sun gano ƙyallin faifai yana korar tsuntsu, don haka duk wanda suka tsinta a ɗaka sai su zura masa zare su ɗaure a kara. Shi kuwa sai ya yi sallama ya roƙi musaya, a karɓi fanko a ba shi mai magana.

"Malam, ai duk ƙyalli ɗaya ne," in ji su, suna dariya. "Kwance abinka."

A wurin tsuntsu ɗaya ne. Amma a ciki akwai kiɗan gayya, da waƙar daɓen mata, da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Ba a taɓa sayar da su a kasuwa ba. Wani ne ya ɗauka da rikoda, aka juye daga kaset, kwafi ɗaya ko biyu. In rana ta ci wannan, an gama.

A shago yakan wanke faifai, ya share shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ya sa kwamfuta ta karanta a hankali, ta kuma maimaita har sai ya gamsu. Ba ya yarda ya matse waƙa don ta ƙanƙance, ya ce gangar noma in an matse ta sai ta koma kamar bugun kwano. Samari masu son a cika musu memorin waya nan take suka koma shagon gaba, suka bar masa laƙabin Baba Sannu-sannu.

Bara Asama'u ta zo, 'yar marigayi Khalilu makaɗin noma. Yayyenta ne da kansu suka rataye faifan ubansu a gona, ya sha ruwa da rana har bayansa ya ɓare kafin Malam ya kwanto shi.

"Baba, an ce kana da muryar babanmu."

Ya kunna mata a manyan sifikokinsa. Kafin kiɗa ya tashi sai aka ji tsohon ya yi gyaran murya. Asama'u ta rufe fuska da mayafi. Waƙa ta kai tsakiya, ta yanke.

"Ƙara mini, Baba."

"Iyakarta ke nan, 'yata. Na makara."

Kai ne ka ce ka makara, Malam Sha'aban, alhali mu ne muka ɗaura muryar iyayenmu a kara tana gadin gero. Kai ne ka sha dariyarmu shekara da shekaru ba ka yi zuciya ba. Abin da ciwo, da ban kunya kuma.

Yanzu kunnensa ya yi nauyi, ya ce bayan Sallah zai rufe shago. Duk abin da ya ceto yana cikin rumbun kwamfuta guda ɗaya, shi ma ya fara wani ƙas-ƙas in an kunna. Ya sanar a masallaci cewa kyauta ne, kowa ya kawo abin zubawa ya kwafa. Waɗanda suka leƙa, sifikokin suka taya, ko zai sayar.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu kwamfutoci a jaka, hanyar Ɗambatta ba ta ɓata ba. Za ku same shi ya manna kunne a jikin sifika, hannunsa na kan katakon yana jin rawar ganga.

"Tana fita daidai kuwa?" zai tambaye ku. "Ni dai na daina jin ta. Ku da kuke ji, ku ɗauka."