Ranar da Mati Ya Kafa Filafili a Bakin Titi

Duk wanda ya saba zuwa bakin ruwa a Yelwa ya san Mati, dattijon nan mai gyaran koma da ke zama a gindin darbejiya. Idan ka zauna kusa da shi ba zai kore ka ba, ba kuma zai ajiye aikinsa ba. Hannu na ɗinki, baki na labari.

Bagunge ne. An haife shi a wani ɗan gungu, wato tsibiri, da ke tsakanin Shanga da Yauri, inda yaro ke iya tuƙin jirgi tun bai iya ɗaura wando ba. Mahaifinsa su yake yi, da rani kuma ya noma albasa. Mati yakan ce a zamanin nan giwan ruwa ɗaya sai mutum biyu sun kama wa juna kafin a fitar da shi daga jirgi, tarwaɗa kuwa kyauta ake ba baƙo. Da kifi ya ja baya, matasa suka fara watsewa, shi ma ya ɗauki matarsa Jamilatu suka nufi Kaduna. Cikin kayan da ya tafi da su har da filafilin da mahaifinsa ke tuƙa jirgi da shi. Jamilatu ta yi ta mita a mota, amma daga baya da shi ta riƙa tokare igiyar shanya.

A Kaduna ya kama yi wa masu sayar da kifi banda. Ya sami ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gidan wani tsoho mai sauƙin kai, wanda ya taɓa ce masa, "Zauna har ka gaji." A ɗakin aka haifi 'ya'yansu uku, Hamdiyya ce babba. Mati yana son gidan har yanzu. Yakan tuna bishiyar gwaibar tsakar gida, da yadda matan haya ke aiko da kwano idan sun ji ƙanshin miyar Jamilatu.

Sai tsohon ya rasu. Magada suka sayar da gidan ga wani mai son gina shaguna, aka sanar da 'yan haya su nemi wuri. Kowa ya shiga fafutuka. Wani maƙwabci ya ba Mati shawara ya je wurin mai unguwa, ko ya nemi dattawa su roƙar masa ƙarin lokaci. Mati ya yi godiya, bai je ba. A ganinsa maganar da mamaci ya yi ba ta mutuwa tare da shi. Ban da haka, tunda yake bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani a taimake shi ba.

Wata ranar damina, da hantsi, leburori suka hau sama suka fara cire kwanon rufi. Kafin azahar katifa, da tukwane, da buhun tufafi, da yara duk suna bakin titi. Ba su da inda za su kwana, gabas kuwa ta fara baƙi.

A gungunsu, idan ruwa ya ci gidan mutum, ba ya bin gidaje yana roƙo. Sai ya tara kayansa a gaɓa, ya kafa filafili a tsaye, faffaɗan gefen yana sama. Duk jirgin da ya hango shi zai karkato, a kwashe kaya, a kai shi inda ƙasa ta bushe, babu tambaya. Haka Mati ya taso ya gani. Don haka ya nemi dutse ya daddaɓe filafilin a gefen kwalbati, ya zauna a kan turmi yana jira.

Mutum na farko da ya tsaya, katifar ya lallatsa.

"Malam, nawa za ka bar ta?"

"Ba ta sayarwa ba ce."

"To me ka baza ta a hanya kake yi?"

Wata mata ta ɗaga babbar tukunyar Jamilatu tana duba gindinta. Wani kuma ya tambaya ko sandar nan ta tuƙin tuwon biki ce. Jamilatu ta fizge tukunyarta, ta juyo kan mijinta.

"Baban Hamdiyya, wai mi kake jira? Jirgi? Wanga titi ne hwa, ba bakin gulbi ba!"

"Ki yi haƙuri. Wani zai gani."

"Sun gani mana. Ga shi nan suna taya mana tukwane."

Mati ya dubi motocin da ke wucewa, babu wadda ta rage gudu. A lokacin ne ya fara jin tsoro, domin ya gane shekarun nan duka tsakanin ɗaki da wurin banda kawai ya yi su, bai san ƙofar kowa ba a garin. Iska ta taso, ƙaramar 'yarsu ta fara tari.

Bayan la'asar wata akori-kura ta wuce su, ta yi gaba kaɗan, sai ta tsaya ta dawo da baya. Direban ya leƙo. Bai dubi katifa ba, filafilin ya zuba wa ido.

"Kai! Wane Bagunge ne ruwa ya ci a tsakiyar Kaduna?"

Mati ya miƙe tsaye.

"Elijah nike, daga wajen Wara," in ji direban yana saukowa. "Kakata a gungu ta yi aure, na san wagga alama. Tun yaushe kake nan?"

"Tun azahar."

"Tun azahar! Da ka shekara. Mutanen nan ko kada sunka gani a titi sai sun tambayi kuɗinshi. Uwar gida, kama mini wancan buhu."

Elijah Bakambare ne, albasa yake ɗauko wa 'yan kasuwa. A hanya ya yi ta yi wa Mati faɗa kamar sun shekara da sanin juna. Ashe mutanen ƙasar Yauri mazauna garin suna da zama duk ƙarshen wata, suna da dattijon da ke shiga tsakani idan rikicin haya ya taso, suna kuma da inda suke sauke wanda ya rasa makwanci.

"Kai kana ina anka yi duk wannan?"

"Ina wurin banda."

"Shi ya sa hayaƙi ya rufe maka ido."

Jamilatu ta yi dariyar da ba ta yi ba tun safe.

Masaukin ɗakin ajiyar albasa ne a bayan kasuwa, rabinsa buhuna, rabinsa fili. Suna shigar da turmi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mati ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kwanon rufin, yana neman inda zai yi yoyo. Bai samu ba. Yaran suka haye buhuna suna wasa. Jamilatu ta zauna tana share ido da bakin zane, ta ce albasa ce, ko da yake babu wanda ya yanka ko ɗaya.

A ɗakin suka ƙarasa daminar. Warin albasa ya kama tufafinsu har 'yan makarantar su Hamdiyya suka sa mata suna. Da kaka ta yi, dattijon nan na mutanen Yauri ya samo musu ɗaki a wata unguwa, ya kuma tsaya wa Mati a gaban sabon mai gidan. Wannan karon Mati da bakinsa ya tambayi sharuɗɗan zama, ɗaya bayan ɗaya, Elijah na gefe yana gyaɗa kai. Sun zauna a nan har yaran suka girma Mati ya koma Yelwa, babu wanda ya sake ɗaga su.