Kunnen Bijimin Alƙasim

Isaka mijin ƙanwata Salima ne, kuma shi ne malamin bisashe na ƙauyukanmu da ke bayan Deule. Ba likita ba ne mai babbar takarda. Ma'aikatar kiwo ta Buza ce ta koya masa allurar rigakafi da ɗura maganin tsutsa, aka miƙa masa akwatin ƙanƙara, aka ce Allah ya ba da sa'a. Tun gemunsa na baƙi yake wannan aiki, yanzu furfura ta cinye rabinsa. Ni tela ne, ni nake yi masa facin wando, don haka na san irin ƙayar da yake shiga da irin ƙahon da yake sha.

Gajere ne, ba shi da surutu, kuma kullum da warin garke a jikinsa. Salima ta yi mita har ta gaji ta sallama. In aka ce akuya ta kasa haihuwa a wata tunga bayan dutse, zai tsame hannu daga tuwo ya hau moto, wato babur ɗinsa. Wani lokaci ya dawo da ƙwaryar nono, wani lokaci da "Allah shi saka" kawai, kuma ban taɓa ganin bambanci a fuskarsa ba.

Abin da ya fi ba shi wahala a aikin nan shi ne kunne. Duk dabbar da aka yi wa rigakafi sai an ɗan tsage mata gefen kunne da wani ƙarfe mai kama da almakashi, don a gane ta. Mutanenmu kuwa sun tsani wannan lamba. Wasu su ce rago mai tsagaggen kunne ba ya layya, ko da yake liman ya faɗa a masallaci cewa ɗan wannan ba ya ɓata komai. Wasu su ce dillalan Madawa za su rena dabbar. Da an ji ƙarar motonsa sai a fara kora awaki bayan rumbu. Na taɓa ganin tsohuwa ta kulle tunkiya a ɗaki, tunkiyar tana ta kuka, ita kuma tana gaya wa Isaka cewa jikanta ne ke fama da mura. Ya yi wa jikan addu'ar samun sauƙi ya wuce.

A garin nan namu kuma aka haifi Alƙasim ɗan kokowa. Wannan ba sai an roƙi kowa ya fito dominsa ba. Hotonsa na manne a bayan kowane moto, jarirai maza da yawa sun ci sunansa, kuma ni kaina in ana kokowarsa a rediyo keken ɗinkina tsayawa yake. Bara bayan kaka ya kayar da manyan maza a Tawa, wani attajiri ya yi masa kyautar jan bijimi ɗan Azawak.

A lokacin an fara jin labarin ciwon huhun shanu a kasuwannin wajen Madawa. Ma'aikata ta yanka wa ƙauyenmu ranar rigakafi, rana guda, kuma in ta wuce sai baɗi. Maganin ba ya jure zafi, ƙanƙara na narkewa ya lalace. Isaka ya bi gida gida, maigari ya sa an yi shela. Sai ga saƙo cewa a wannan ranar Alƙasim zai shigo gari da bijiminsa.

Tun hantsi gari ya kwashe zuwa bakin hanya, har da masu sanda. Ni ma ina cikin tafiya da sabuwar riga Salima ta tare ni da kwanon fura.

"Yaya, tunda ƙahwarka na aiki, kai ma maigidana wagga hura. Shina can shi kaɗai awa maraya."

Na same shi a gindin aduwa kusa da shingen ƙarfen da ake allura. Ya lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu yana yayyafa masa ruwa. A cikin shingen babu komai sai awakin Salima da saniyar liman. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Tashi mu tahi kallo," na ce masa. "Yau ko kaza ba ka samu."

"Tahi, Yaya. In na tashi wani ya zo hwa?"

Ban tafi ba, kunya ta hana ni. Muna zaune har rana ta take, ƙanƙara tana zama ruwa, sai muka ji ganguna sun doso mu. An ɗaura wa bijimin jan ƙyalle a wuya, za a kai shi rijiya ya sha ruwa tare da shanun gari. Alƙasim na tafe a tsakiya, mata na guɗa, maroƙa na ta zuba kirari.

Isaka ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya je ya tsaya a tsakiyar hanya. Kansa bai kai kafaɗar Alƙasim ba.

"Sannu da zuwa, ɗana. Wanga sa daga kasuwa anka sawo shi, ba mu san da wa ya kwana ba. Ba shi shan ruwa da shanunmu sai na yi mai allura."

Wani saurayi mai suna Habu, wanda ke riƙe da igiyar bijimin kamar an ba shi sarauta, ya daka tsawa.

"Kunnen san Alƙasim za ka yankewa? Baba, kauce!"

Jama'a suka ɗauka, har wata ta ce baƙin ciki ne. Na ji tsoro kada a ture shi. Alƙasim ya ɗaga hannu, ganguna suka yi shiru. Ya dubi bijimin, ya dubi Isaka.

"Baba, in ya kamu da ciwon ga, mi ka hwaruwa?"

"Shi yi ta tari, shi rame, shi mutu. Kuma ba shi tahiya shi kaɗai."

"To ni kokowa ba ta dawwama, gwiwata ma ta hwara ciwo. Wanga sa shi za ya ja mini amalanke. Yi mai."

Amma bijimin ba a yi shawara da shi ba. Da ya ga ƙofar shinge sai ya turje, ya fizge igiya, Habu ya sha ƙasa da sabuwar shaddarsa. Alƙasim ya tuɓe riga ya kama ƙahonnin. Makaɗa ba su jira an ce musu komai ba, suka saki takensa. Ƙura ta tashi, mutum da sa suna juyi, har Alƙasim ya murɗe wuyan ya kwantar da shi. Isaka ya durƙusa a natse kamar ba kowa a wurin, ya soka allura, ya tsage kunnen. Ihun da aka yi na tabbata an ji shi a Deule.

Habu ne ya fara rugawa gida ya jawo ragon uwarsa, yana cewa a yi masa irin ta Alƙasim. Kafin la'asar layi ya kai bakin rijiya. Tsohuwar nan mai jika da mura ta zo da tumakinta duka. Maganin ya ƙare kafin dabbobin su ƙare, sai da ma'aikata ta ƙaro washegari, abin da Isaka ya ce bai taɓa gani ba.

Tun daga ranar sunan tsagar kunnen ya koma lambar Alƙasim. Dillalai a kasuwar Buza har ɗaga kunne suke su nuna wa mai saye. Wannan abu yana ci mana rai ni da Salima. Mutum ya tsufa yana roƙon jama'a, wani ya zo ya yi kokowar yini guda ya tafi da sunan. Na faɗa wa Isaka haka yana zaune a shagona ina yi masa faci. Ya yi dariya ya ce bana ko mushen saniya guda ba a ja zuwa bayan gari ba, kuma ya daina bin awaki bayan rumbu.

Muna cikin maganar wani makiyayi ya leƙo, da ɗan maraƙi a bayansa. Daga nesa ya zo, ƙafarsa duk ƙura.

"Kai ka yin lambar Alƙasim?"

"Ni na," in ji Isaka.

"To ka yi mini irin tashi sak. Kar ka ɓata."

Na buɗe baki zan yi magana, Isaka ya riga ni. Ya riga ya miƙe yana lalubar ƙarfensa a jaka.

"Ina yin ƙoƙari," ya ce. "Riƙe mini kan."