Iskar Tafki a Kwalba

Shekarar da na gama makarantar Midil a Kano, zamanin Turawa, na koma Roni da buri ɗaya: in wuce kwaleji in karanci kimiyya. Baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya riga ya samo mini aikin rubutu a wurin hakimi. Zama ya gagare ni. In na shiga gida sai in fita, in na fita sai in dawo.

Bakina ne ya ja mini. Na ce wa Baffa malaminmu ya tara iskar da ke fitowa daga taɓon tafki, ya ƙyasta mata ashana, ta kama da wuta.

"Wuta daga ruwa?" in ji Baffa. "To, gani ya kori ji. Nuna mini, ka tafi karatunka. In ba haka ba, ka kama aiki."

Washegari na shiga tafki har cinya. Na cika kwalba da ruwa, na kife ta, ina zungurar taɓo da kara, kumfa yana hawa yana korar ruwan. Sai da rana ta take sannan ta cika. Totuwar da na tanada don toshewa ta bi ruwa, sai na rufe bakin da tafin hannu, na nufi gida kamar in tashi sama.

A zaure na tarar da Baffa tare da liman, dattijon da ya raɗa mini suna. Liman ya miƙo hannu. Wa ya isa ya gaida liman da hannu ɗaya? Na dire kwalba, na durƙusa, na kama nasa da hannu biyu.

"Sannu, ɗana. Ina gajiya? Yaya mutanen Kano? Yaya muka ji da ruwa?"

Ina amsa "Lafiya lau, Allah gafarta Malam," ina satar kallon bakin kwalba a buɗe. Na san iskar nan ba ta da nauyi, sama take yi. Kamar in fashe da kuka. Ya rufe da doguwar addu'a, muka shafa.

Na ƙyasta ashana, na kai bakin kwalba. Shiru. Na sake, har ta ƙona mini yatsa.

"Baffa, don Allah a bar ni in koma tafki."

"Magana ɗaya ce," ya ce, ko fushi babu. Ya dubi liman. "Amma ka gani, Malam, boko bai ɓata masa ladabi ba."

Yabon nan ya fi mini zagi ciwo. A kan wannan aikin rubutu furfura ta same ni.