Kwanon Ƙasa a Gefen Keji

Babanmu ya yi gadi a wani gida a Agege, bayan layin dogo, kuma a gidan akwai kare. Na oga ne, amma Baba ke ciyar da shi. Ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce "wancan". Ni da nake kai masa abincin rana na san cika baki ne kawai, don rabin naman miyata a cikin wancan yake ƙarewa.

Wata rana aka bar ƙofa a buɗe, karen ya fita, ɗan okada ya take masa ƙafar gaba da babur. Likitan dabbobi ya ce gaɓar ta ragargaje, sai dai a haɗe ƙasusuwan da ƙarfe da ƙusoshi. Ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, amma zai taka. Ya ja wa Baba kunne cewa ƙarfe a cikin jiki ba ya shiri da datti, in ƙwayar cuta ta maƙale masa da ƙyar magani ke cim mata.

Baba ya riƙe jinyar nan tsakani da Allah. Sai dai shi mutumin Maraɗi ne, tun yana yaro aka koya masa in yawun kare ya taɓa ka, ka wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya ɗebo ƙasa a bakin titi, ga damina, ya ajiye a kwano gefen keji. Yana cikin canza bandeji karen zai lashe shi, sai ya miƙe ya cuɗa hannu da ƙasa, ya ɗauraye, ya dawo kan ciwon. Na ga baƙi-baƙi a ƙarƙashin farcensa, na yi magana, don ni bakina ba ya shiru. Ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa tsarki.

Karen har ya fara takawa, ƙafar tana ƙwas-ƙwas a kan siminti. Sai ta kumbura, ta fara wari, mugunya na bin ɗinkin. Aka cire ƙarfen, ashe cutar ta riga ta ci ƙashi. Likita ya ce hakan na faruwa ko a hannun mai kula. Oga bai zargi kowa ba, ba kuma wanda ya yi tambaya a kan kwanon ƙasar. Wannan shirun shi ya fi cin ran Baba.

Ranar da za a yi wa karen allurar da za ta kashe shi ya huta, ya lashi hannun Baba. Baba bai tashi ba. Ya zauna a benci da hannun a kan gwiwa har aka kira la'asar.

Yanzu ya tsufa, yana wajena. Yakan ce yana jin ƙwas-ƙwas a tsakar gida da rana tsaka, ni kuma tsoro yakan kama ni don wani lokacin ni ma ina ji. In zai yi alwala sai ya daɗe yana duba farcensa. Kwanan baya ya ɗago kai ya ce, "Ke da kika gani, ƙasar ce?"

Ni mai baki, na ce masa ban sani ba.