Hoton Baba ya zo, murya ba ta zo ba

Jama'a, ku ji abin da na gani yau.

Inna ta matsa sai ta ga bidiyon marigayi Baba, wanda na ɗauka a tafkin Lagdo yana cikin kwalekwale. Allon kwamfuta ya yi wa idonta ƙanƙanta. Na sayo ɗan akwatin nan mai kai hoton kwamfuta cikin tele, wato talabijin, na jona. Sai ga Baba ya cika mana falo! Amma bakinsa kawai ke motsi. Ashe murya wayarta daban, na bar ta a jaka.

Na ce, "Inna, bari in ɗauko."

Ko kallona ba ta yi ba. Sai ta fara amsa masa!

"Na ji, Malam. Zan aika wa Goggo kifinta. A'a, ban manta ba."

Yaya Habu da ke zaune tare da mu ya sunkuyar da kai.

Na lallaɓa na jona wayar. Wallahi babu muryar Baba ko kaɗan, iska ce kawai da rurin inji.

Inna ta juyo ta ce, "Cire, Sani. Ka katse masa magana."

Na cire.